Hayaƙin 'Yar'azumi

Haɗeja, ranar kasuwa, farkon watan Rajab.

Zuwa ga Gwadabe, heluman 'yan wuta.

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, da ta mutanen da ke ƙarƙashinka, tunda yanzu kai ne mai mutane. In ka tambaye mu, muna lafiya. Ruwa ya zauna, gero ya kai gwiwa, kogi ya fara hawa. Matata Yakaka tana gaishe ka. Ni kuwa gaisuwar da addini ya ɗora mini ita na yi, kada ka ɗauka wani abu ya wuce.

Takardarka ta iso daga tashar Malam Madori ran Talata. Ka san ni da karatu sai ido, don haka na kawo ta wurin Bala mai rubuta wa mutane wasiƙa a bakin gidan waya, ya karanta mini sau biyu. Shi ne yake rubuta wannan, na kuwa gaya masa abin da bakina ya faɗa shi zai sa, kada ya yi mini kwalliya.

Abu biyu na ji. Na ɗaya, Sa'idu ɗana, wanda ya ce mana Kano zai je neman aiki, ashe yana cikin jirgin ruwanku 'Yar'azumi yana tura baron kwal, kai ka kai shi gaban Bature. Na biyu, wai jirgin yana hayaƙi, madugun ayarin jiragenku ya yi muku faɗa, kana so in gaya maka yadda nake yi a zamanina.

To, Gwadabe. Uwarka ƙanwar ubana ce, taubashina ne kai, na sha zaginka tun muna tsirara a bakin kogi ban taɓa riƙewa ba. Amma wannan ba wasa ba ne. Wa ya kai ka jirgin nan? Tare muka bar garinmu da ƙafa, tare muka sha wahalar Ikko, tare muka hau ta a watan azumi, muka sa mata 'Yar'azumi don sunan da ke rubuce a goshinta ya fi ƙarfin bakinmu. Ni na nuna maka yadda ake riƙe shebur ba a karya ƙugu ba. Shekara ashirin da uku ina gaban bakin wuta shida, muna kai gyaɗa da ƙiraga da manja ƙasar Turawa, muna dawowa da gishiri da atamfa da kwanon rufi. Ban taɓa bari tururi ya faɗi ba, ko ran da igiyar ruwa ta kwantar da mu har kwal ya binne mini ƙafa.

Sai yaƙi ya zo. Sojan ruwa suka karɓe ta a Apapa, suka shafe ta da fenti launin toka, suka goge sunanta, suka kafa mata igwa a baya kamar an ɗaura wa tsohuwa takobi. Aka ce daga yau kwal da ruwan sha da harsashi za ta riƙa kai wa jiragen yaƙi a Saliyo. Aka jera mu gaban likita. Ya tambayi shekaruna, na ce arba'in da biyar. Ya juya ya tambaye ka. Da ka yi shiru ma da ya wadatar. Ka buɗe baki ka ce na haura sittin. Kafin la'asar ina kan gaɗa da tabarmata da butata, kai kuwa an ba ka kujerata ta heluma, shugaban 'yan wuta. Shekara biyu ke nan, ko a mafarki in na gan ka sai na juya baya.

Yanzu ka ɗauke mini kujera, ka ɗauke mini ɗa, kana neman abin da ke cikin kaina. Saura ka aiko a kai maka haƙorana.

Ga maganata. Ranar da kuka tsaya Ikko ka sauke Sa'idu, ka sa shi a jirgin ƙasa. In ya shigo gidan nan da ƙafarsa, zan gaya maka sirrin wutar 'Yar'azumi daga farko har ƙarshe. Kafin nan, ka tambayi likitan, shi da ya san komai.

Wassalam. Ni ne wanda ka sani,
Umara Mai Wuta.


Haɗeja, ƙarshen watan Rajab.

Zuwa ga Gwadabe.

Gaisuwa, da fatan kuna lafiya, kai da Sa'idu da sauran 'yan wuta. Mu ma lafiya, sai dai ruwa ya yanke hanyar Kirikasamma, a kwalekwale na zo.

Ban jira amsarka ba. Kada ka yi murna, ba don kai ba ne.

Da na koma gida na gaya wa Yakaka abin da na sa aka rubuta, sai ta ajiye muciya ta dube ni. Ta ce, “Mai Wuta, in jirgin ya nutse kafin ya kai Ikko, wa za a sauke maka?” Na ce mata mace ba ta san teku ba. Ta ce gaskiya ne, amma ta san zafin naƙuda. Kwana uku tuwo yana zuwa ba magana.

Ran na huɗu na bi masu kai kaya wajen Baturiya. Ka san yadda fadama take in ruwa ya malale, ba tudu ba kwari, sai ruwa da kawunan goruba. Da yamma ta yi sai na hango hayaƙi tsaye can gaba kamar an kafa sanda. Na tambayi mai tuƙi, ya ce masunta ne suke banda a wani tsibiri. Na ce mu biya mu sayi kifi. Ya yi dariya, ya ce, “Baba, ko mun tuƙa har gobe da hantsi ba mu kai ba.” Gwadabe, wutar banda ce fa, ɗan itace da ɗanyen ganye. Ban ga mutum ba, ban ga bukka ba, amma na san inda suke. Sai na tuna bututun 'Yar'azumi in ta ƙoshi da kwal, na tuna teku ta fi fadama shimfiɗa, na tuna abin da ka ce, cewa jiragen Jamus masu tafiya ƙarƙashin ruwa hayaƙi suke bi.

To buɗe kunnenka, Bala zai rubuta a hankali.

Na tabbata kwal ɗin Inugu ake ba ku yanzu, tunda na ƙasar Turawa jiragen yaƙi ake kai wa. Kwal ɗin Inugu mai taushi ne, yana da mai a jikinsa. In ka watsa shi can cikin wuta sai ya yi baƙin hayaƙi kafin ya kama. Ka sa a yayyafa masa ruwa tun yana baro, ba jiƙawa ba, yayyafi kamar mai shirin shara. Ka tara shi a bakin ƙofa daga ciki, ka bar jan garwashi a can baya. Hayaƙin da zai tashi dole ya bi ta kan garwashin, a nan zai ƙone. In ya yi ja sai ka tura shi ciki, ka sa sabo a baki. Bayan ka zuba, kada ka rufe ƙofar ruf, ka bar mata yatsa biyu har ka karanta Ƙulhuwallahu uku, sannan ka rufe.

Babban abin kuwa shi ne, kaɗan-kaɗan, a kai a kai. Shebur huɗu ko biyar, ƙofa ɗaya, ka wuce ta gaba. Kada a taɓa ciyar da ƙofa biyu lokaci guda. 'Yar'azumi tsohuwa ce, ba a yi mata ɗura.

Ka amsa mini wannan. Yaushe madugun yake yi muku faɗa, kullum ne ko da lokaci? Su wa ke gaban wuta a lokacin? Kada ka ce mini ba ka lura ba.

Sa'idu kuma ka ce masa ya ɗaura tsumma a wuya, ya riƙa shan ruwa da ɗan gishiri, kada ya fito iska da gumi a jikinsa. Ban ce na yafe masa ba. Ka dai gaya masa.

Wassalam,
Umara Mai Wuta.


Haɗeja, bayan ƙaramar salla da kwana tara.

Zuwa ga taubashina Gwadabe.

Bayan gaisuwa da barka da shan ruwa, ina fata kun yi salla lafiya a inda ta same ku. Mu nan mun yi lafiya. Ruwa ya fara ja, shinkafa ta yi ciki, jan-baki sun sauko mata, kowa yana gona da gwangwani.

Takardarka ta zo duk huji, masu duba wasiƙun soja sun yanke sunan kowane gari kamar ɓera ya ci. Amma abin da nake nema sun bar shi. Ka ce kun bi yadda na faɗa, hayaƙi ya ragu da rana, injiniya har ya yi murmushi. Ka ce duk da haka sau biyu a yini madugu yana kunna muku fitilar faɗa, da sassafe da kuma faɗuwar rana. Ka ce ya aiko da magana ta ƙarshe, in aka ƙara a tafiya mai zuwa zai fitar da ku daga ayari ku tafi ku kaɗai, kamar yadda ya yi wa wani jirgi da har yau ba a ji labarinsa ba. Da Bala ya kai nan sai na ce ya tsaya, na fita na sha iska.

Amsar kuwa ba a bakinka na same ta ba, a 'yan layukan da Sa'idu ya sa aka ƙara a ƙasa take. Yana yabonka. Ya ce in kwantar da hankalina, Baba Gwadabe bai bar su sun yi wasa da addini ba, ku biyar masu aikin ƙarfe huɗu zuwa takwas, Asuba da Magariba a jam'i kuke yi, sahu ɗaya, ba a barin kowa a baya.

Gwadabe! Ku biyar a sahu, wa ke gaban wuta? Ba sai ka faɗa ba, ni zan faɗa maka. Kafin ku hau alwala kuna cika ƙofa shida maƙil don kada tururi ya faɗi kafin ku sallame. Ƙofa shida lokaci guda, da kwal ɗin Inugu. Kuna can kuna ruku'u, bututu yana sama yana kiran Jamus, a daidai lokacin da sararin sama ya yi fari, ana hango ko zare. Ba tukunya ba ce ta lalace, ba kwal ba ne. Kai ne, da kyakkyawar niyyarka.

Yanzu ka tuna. Shekara nawa kuna hawa salla ina tsayawa a ƙasa, sai kun sauko in hau in yi tawa ni kaɗai? Kai ka sa mini suna Umara Sallar-baya. Ka taɓa cewa a gaban yara, wai wuta ta fi mini sahu daɗi, Allah ya sa ba alama ba ce. Aka yi dariya. Maganar nan ta fi ta likita ciwo, yau na faɗa maka. Tsayawa nake ina bi ƙofa-ƙofa da shebur huɗu-huɗu don ku yi sallarku a natse. A lokacin ba yaƙi, ba mai kula da hayaƙi, ni ne dai ba na son a ce jirgin da nake ciki yana tafe yana ɓarnar kwal kamar gobarar daji.

Amma ga nawa laifin, Bala ya rubuta shi da manyan baƙi. Ban taɓa gaya maka dalili ba. Na ce a raina wanda bai gani da idonsa ba bai cancanci a gaya masa ba. Ranar da aka sauke ni ma na tuna, har na juyo a kan gaɗa, sai zuciya ta ce bar su su gani. Ashe ɗana za a bari ya gani.

Na san halinka. In na ce ka raba sahu za ka ce Sallar-baya yana neman abokan zama. Don haka na yi abin da shekara goma sha ɗaya ban yi ba, na je zauren Malam Fannami. Ka tuna shi, shi ne ya ce a wurin wani suna wai sallar ma'aikatan jirgi sai Allah, tunda alƙiblarsu tana juyawa da matuƙi. Tun ranar ko a jana'iza ba na ba shi hannu. Na yi sallama, ya ɗago ya ce, “A'a, yau teku ce ta yi ambaliya har Haɗeja?” Na haɗiye. Na zauna a ƙasa na zayyana masa komai, har na zana masa ƙofofin a rairayi.

Bai yi mini dariya ba. Ya ce ai wannan Allah da kansa ya yi maganarsa a Alƙur'ani, ana ce mata sallar tsoro. In abokan gaba suna kusa, jama'a ta rabu biyu, wasu su yi salla wasu su tsaya gadi, sannan a sauya. Ya ce gadinku shi ne wutar nan. Ya ce kuma mutum biyu ma jam'i ne, ladansu cikakke. Biyu su hau, uku su tsaya, in sun sauko ukun su hau. Ba wanda ya rasa sahu, ba ƙofar da aka yi wa ɗura. Ya rubuta ayar da hannunsa, ga ta nan na sa a cikin ambulan, ka kai wa duk malamin da ka yarda da shi.

Da zan tashi sai ya ce, “Mai Wuta, kai ma da ka tambaya, da ba ka yi shekara ashirin kana salla kai kaɗai ba.” Na ɗauki takardar na fito.

Ka yi wannan tun daga Asubar da takardar nan ta same ka. In kana jin nauyin gaya wa yara, ka ce ni na ce, su zage ni, na saba. Ba na neman ka sauke kowa. Ina neman ku zauna a tsakiyar ayari.

Allah ya tsare ku. Yakaka tana gaida ɗanta, ta ce ya ci abinci.

Naka,
Umara.


Haɗeja, kwana uku kafin babbar salla.

Zuwa ga Gwadabe.

Gaisuwa da fatan alheri. Ina tambayar lafiyarku, kuma wannan karon tambayar gaske ce, don wata biyu ke nan ba mu ji daga gare ku ba.

Duk ranar kasuwa ina bakin gidan waya. Bala in ya hango ni sai ya girgiza kai tun daga nesa don kada in sha wahalar ƙarasowa, amma ina ƙarasawa. Wani sojan da aka sallamo da ƙafa ɗaya ya ce a Ikko ana maganar jirage uku da aka nutsar a hanyar Saliyo. Na tambaye shi suna, ya ce jiragen yanzu ba su da suna. Ban gaya wa Yakaka ba, amma ta ji a wurin masu tallan kifi. Ba ta yi kuka ba. Ta ce ɗanta yana da rai, in ba shi da rai ita za ta fara sani. Na riƙe wannan, tunda ba ni da wani abin riƙewa.

Ina tsoron ko waccan takardar ba ta same ku ba. Don haka wannan ba ta gidan waya za ta bi ba. Ɗan'auta mai fataucin shanu zai sauka Ikko da jirgin ƙasa jibi, ya yi mini alkawari zai kai ta Apapa da hannunsa, ya ba mai gadin ƙofar da 'yan wuta ke fita. Malam Fannami ya tafi Gumel, babu takardarsa a wannan, sai maganata tsura.

Ga ta a gajarce. Hayaƙin Asuba da Magariba daga cika ƙofa shida ne da kuke yi don ku hau jam'i gaba ɗaya. Ku rabu biyu, biyu su yi salla uku su riƙe wuta, sannan a sauya. Malam ya ce halal ne, sunanta sallar tsoro, ladan jam'inku yana nan. Abin da nake tsayawa yi ke nan shekara da shekaru, girman kai ya hana ni faɗa. Ba ni da shaida sai rantsuwa, na kuwa rantse da Allah.

Akwai ƙunshin bandar tarwaɗa da yaji, Yakaka ta ɗaura. Na Sa'idu ne. In ya ga dama ya ba ka kan kifin.

Na sayi rago ƙarami. Zan yanka da sunan gidan nan duka, har da waɗanda ke kan ruwa.

Sai na ji daga gare ku, in Allah ya yarda.
Umara.


Haɗeja, watan Safar.

Zuwa ga ɗan'uwana Gwadabe, heluman 'yan wutar 'Yar'azumi.

Gaisuwa mai tarin yawa, da godiya ga Allah da ya nuna mana takardarku. Muna lafiya ƙalau. An kai shinkafa rumbu, an buɗe tafkuna, kifi ya yi araha har kyanwa tana zaɓe. Yakaka ta dafa dambu ta raba wa unguwa. Ta sa Bala ya zo har gida ya sake karanta mata wurin da Sa'idu ya ce ya yi ƙiba, ta ce ƙarya yake, amma a sake karantawa.

Na ji duka. Ashe takardar da na sa ayar malam a ciki tana can hannun masu dubawa, sun ga rubutun Larabci sun tsaya neman mai fassara musu. Ta Ɗan'auta ce ta same ku, ana saura kwana ɗaya ku tashi. Na ji yadda kuka yi kwana goma sha ɗaya a ayari, jirgi ashirin da wani abu, fitilar madugu ba ta dube ku ba ko sau ɗaya. Na ji yadda babban injiniya ya hau sama da Magariba ya dubi bututu, ya sauko da gudu yana zaton wuta ta mutu, ya tarar da mutum uku suna bi ƙofa-ƙofa, allurar tururi tana inda take. Wannan na sa an karanta mini sau uku. Na ji kun sauke wa jiragen yaƙi kwal ɗinsu da ruwansu, kun juyo, kuma yanzu an matso da ku daga wutsiyar ayari zuwa ciki. Tsohuwa ta fi 'yan mata iya tafiya, dama na sani.

Amma abin da ya tsaya mini shi ne wannan. Babu takardar malam a hannunka, babu aya, sai maganar mutumin da ya ce ko a mafarki ba ya son ganinka. Ka ce da aka karanta maka ka tara yara ka ce, Umara bai taɓa rantsuwa a kan ƙarya ba sai a kan shekarunsa. Ka raba sahu a daren. Ka ce kuma kai kake tsayawa a rukunin baya. Gwadabe, na yi niyyar in ce wani abu a nan, Bala yana riƙe da alƙalami yana jira, abin ya ƙi fitowa. Ka ɗauka na faɗa.

Maganar likita da ka kawo, wai ka ji tarin da nake yi a bayan tukunya ina ɓoyewa, ka ga gara in mutu a Haɗeja da a jefa ni a teku. To ban mutu ba, tarin ma ya tafi tun damina ta farko. Ban ce ka yi daidai ba. Na ce dai na ji. Sauran sai ka zo, mu zauna a gindin tsamiyar ƙofar gida, in zage ka ido da ido yadda ya kamata, Yakaka ta kawo fura.

Ka ce in har yanzu ina so, za ka sauke Sa'idu a Ikko. Ka tambaye shi. Mutum ne mai gemu. In ya zaɓi zama, ka karɓe baro ka ba shi shebur, jinin wuta ne, kada ka ɓata shi a turin kwal.

Saura abu guda da ban taɓa gaya wa kowa ba, na ajiye shi don ranar da za ku zo kuna roƙo. Ƙofar tsakiya ta tukunyar hagu, in iska tana busowa daga bayan jirgi, numfashinta yana ɗaukewa, wutar ta yi ja mai duhu, ta fara hayaƙi ko me ka yi mata. Ba a ƙasa maganin yake ba. Ka hau sama, babban bututun da ke shigo muku da iska na hagu, ka juya bakinsa taki ɗaya wajen bayan jirgi. Yana da tauri, sai ka sa kafaɗa. Duk sanda kuka ga na hau na ce zan tofar da yawu, can nake zuwa.

Ka nuna wa Sa'idu, ka nuna wa masu aikin ƙarfe takwas da na sha biyu, har Kiristocin cikinsu, kowa ya sani. Shi ke nan, kaina ya zama fanko, ba sauran abin da za ka aiko nema. In kuka ƙara yin hayaƙi, naku ne.

Allah ya kashe wutar yaƙin nan, ya bar taku tana ci. A gaida yara duka.

Ni ne taubashinka,
Umara Mai Wuta.